Makarantar da ta turo fada-fada Arewa, yau ba ɗalibi ko ɗaya

Ka taɓa jin sunan Dromantine? Wani katafaren gida ne kusa da garin Newry a Ireland ta Arewa. Daga 1926 ƙungiyar SMA ta riƙa horar da limaman Katolika a can, wasunsu suka zo Kaduna da Kano, har ƙauyukan Maguzawa inda coci ke tsakiyar gonakin gero da dawa.

A 1972 aka rufe makarantar, ɗalibai suka koma Maynooth. Yanzu gidan wurin taro ne.

To, abin ya juya: yau fada-fadan Najeriya ne ke cike gurbi a cocin Ireland. Dattawan ƙauyenku da suka ga zuwan Turawan nan suna ƙarewa. Ɗauki wayarka ka naɗi labarinsu tun suna raye.