Sikila ba daga uwa kaɗai take zuwa ba

A gidaje da yawa, da zarar likita ya ce yaro yana da sikila, sai idon dangin miji ya koma kan matar. "A jininsu take, mu gidanmu babu." Wannan zargi zalunci ne. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya gaji S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Magidanci mai AS, wato mai S ɗaya kawai, yana iya tsufa bai taɓa kwanciya ciwon ƙashi ba, shi ya sa danginsa ke rantsuwa cewa ba su da ita, alhali kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S.

Akwai kuma lissafin da ke jefa ma'aurata cikin wahala: wai idan ɗan fari ya zo da ciwon, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. In miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da rabonsa na kashi 25 cikin 100, kuma abin da ya faru da na gabansa bai shafe shi ba. Wani gidan a haifi biyar lafiya lau, wani gidan uku a jere su zo da ita.

Batun auren zumunta kuwa yana da ƙamshin gaskiya, amma an cika shi da ƙari. 'Ya'yan wa da ƙani sun haɗa kaka, don haka in akwai S a gidan, zai fi sauƙi su biyun su gaje shi. Sai dai zumuncin ba ya ƙirƙirar cutar. Ɗan baffa da 'yar baffa masu AA ba za su haifi mai sikila ba, Bakano da Bayarabiya masu AS kuwa suna iya haifa, ko da kakanninsu ba su taɓa haɗuwa ba.

Ko kuma a ce sun haɗu, amma can nesa. Binciken da Daniel Shriner da Charles Rotimi suka wallafa a 2018 ya nuna cewa sauyin da ya haifar da S ya faru ne sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, a Afirka. Ya yaɗu ne saboda yana da amfani: tun 1954 Anthony Allison ya gano a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya ceci kakanni, shi ke wahalar da jikokin da suka gaje shi ta ɓangare biyu. Babu hannun maye ko iska a ciki.

Rukunin jini, irin su O da B, daban yake da jinotaif, wato su AA, AS da SS; samun O ba ya nufin mutum AA ne. Jihar Kano ta sa gwajin jinotaif cikin dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Masu tallar maganin da ke mayar da SS zuwa AA kuma ƙarya suke yi. Abin da kan rikita mutane shi ne ƙarin jini: wanda aka yi wa kwanan nan, jinin da aka sa masa na iya sauya sakamakon gwaji na ɗan lokaci. Dashen ɓargo yana warkarwa, an ma fara yin sa a Najeriya a birnin Benin a 2011, amma ko wanda ya warke ta wannan hanya zai gadar wa 'ya'yansa S.