Wa Zai Yi Wa Kurtun Da Ya Kwanta Dama Waƙa?

Kowace ranar 15 ga Janairu akan taru a Bauci, kamar sauran manyan biranen Nijeriya, a ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Ran nan ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma fure bushewa yake yi, waƙa kuwa ba ta ruɓewa.

Lokacin yaƙin, marigayi Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya wasa sojan tarayya, Alhaji Aƙilu Aliyu kuma ya tsara musu "Jiki Magayi".

To, yau fa? Tun 2009 sojoji ke faɗuwa a Barno da Yobe, har da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a 2016. Amma in mai karatu ya ratsa Gwallameji, unguwar ɗalibai a Bauci, da dare, kiɗan soyayya zai fi ji.

Dalili a fili yake: makaɗi mai kyauta yake bi, mamaci kuwa ba ya kyauta. Babban hafsa kan sami mai ambatonsa, amma marayan kurtu sai ya girma bai ji sunan ubansa a bakin kowa ba. Mawaƙanmu, wannan bashi ne a wuyanku.