Yadda matasan Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi za su karanci kimiyyar tunani daga manyan jami'o'i ta waya

A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. An dawo wa Gusau da layi a farkon Oktoba, amma ƙananan hukumomi da dama sai wajen ƙarshen Nuwamba. Duk ɗalibin da karatunsa ya dogara ga shiga intanet kullum, a wannan lokacin karatun ya tsaya cak. Wanda ya riga ya sauke darussansa a kan memori kuwa, abin da ya rage masa kawai shi ne cajin waya.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata matashi a Kaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya riƙe kafin ya fara kwas a intanet: kwas ɗin da zai amfane shi shi ne wanda yake cikin wayarsa. Abu na biyu kuma, kallon bidiyo daban, karatu daban. Akwai fannin ilimi guda da ke bayanin dalilin haka, kuma manyan jami'o'in duniya sun saki darussansa kyauta.

Mene ne kimiyyar tunani da fahimta?

Fanni ne da ke binciken yadda ɗan Adam ke gani, ji, tuna abu, koyon harshe da yanke shawara. Sunansa da Turanci Cognitive Science, kuma da wannan sunan ake neman darussansa. Masana da yawa na ɗaukar shekarar 1956 a matsayin mafarinsa, lokacin wani taro a jami'ar MIT ta Amurka, inda George Miller, Noam Chomsky, Allen Newell da Herbert Simon suka gabatar da ayyukansu.

Fannin ya haɗa rassa shida: ilimin halayyar ɗan Adam, kimiyyar ƙwaƙwalwa, kimiyyar harshe, ƙirƙirarriyar basira wato AI, falsafa, da nazarin al'ummu da al'adunsu. Abin da ake nazarin ba ƙarami ba ne. Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, amma ƙarfin da take aiki da shi bai wuce wat 20 ba, kusan abin da ƙaramar cajar waya mai sauri ke bayarwa.

Kowa ya taɓa cin karo da dokokin wannan fanni ko da bai san sunansa ba. Lambar waya a Najeriya na da alƙaluma 11, amma ba wanda ke karanta ta a dunƙule. Ana tsinka ta gida uku. Dalili shi ne ma'ajiyar tunani ta ɗan lokaci ƙarama ce ƙwarai. Miller ya ƙiyasta tana ɗaukar abubuwa bakwai ko kusa da haka, daga baya Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa adadin ya fi kusa da huɗu. Tsinka lambar na mayar da abubuwa 11 su zama uku.

Me ya haɗa shi da waya da AI?

Manhajojin AI da ake yayi yanzu sun samo tushensu daga tambayar yadda ƙwaƙwalwa ke koyo. Geoffrey Hinton, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024 saboda aikinsa kan tsarin lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, digirinsa na farko a ilimin halayyar ɗan Adam ne daga Cambridge. Demis Hassabis, shugaban Google DeepMind, digirinsa na uku a kimiyyar ƙwaƙwalwa ne.

Ga mai jin Hausa akwai wani dalili na kusa. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan yaro da bishiyar kuka rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Yaro ɗan shekara huɗu a Zurmi na bambance su ba tare da an koya masa ba, amma manhajar da ke mayar da magana rubutu na shan wahala, musamman idan ta ci karo da Zamfarci. Masu bincike na ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP na aiki a kan wannan giɓi, kuma suna buƙatar mutanen da suka san harshen daga ciki, suka kuma san yadda ake nazarinsa.

Giɓin bai tsaya a harshe ba. Wani nazari da Joseph Henrich da abokan aikinsa suka fitar a 2010 ya ja hankali kan cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Ke nan yawancin abin da ake kira “halin ɗan Adam” an auna shi ne a kan ɗaliban Amurka da Turai. Malamin firamare a Shinkafi da ke koyar da yaran da rikici ya raba da ƙauyukansu, ko ma'aikaciyar lafiya da ke lura da girman yara, na da tambayoyin da waɗancan gwaje-gwaje ba su amsa ba.

Darussan da suka fi dacewa a fara da su

*Introduction to Psychology*, na Farfesa Paul Bloom, a shafin Open Yale Courses. Laccoci 20 ne da aka ɗauka a 2007, kan harshe, tunawa, girman yara, barci da taɓin hankali. Kowace lacca na da rubutaccen kwafinta, kuma ba a buƙatar rajista.

*The Human Brain*, na Farfesa Nancy Kanwisher, a MIT OpenCourseWare, lambar kwas 9.13. An ɗauke shi a 2019. Yana bayanin yadda sassan ƙwaƙwalwa ke gane fuska, wuri, lamba da magana. Ya fi na Bloom zurfi, don haka gara a bar shi na biyu.

*Human Behavioral Biology*, na Farfesa Robert Sapolsky na Stanford, laccoci 25 na 2010 da ke YouTube, kan alaƙar jini, gado da halayya.

*Learning How to Learn*, na Barbara Oakley da Terrence Sejnowski, a Coursera tun 2014. Gajere ne, Turancinsa mai sauƙi, kuma kan dabarun karatu yake.

*Elements of AI*, na Jami'ar Helsinki ta Finlan, wanda aka fara a 2018. Kusan dukansa rubutu ne, saboda haka ba ya cin data sosai, sai dai ana yin atisayensa ne a kan intanet.

Akwai bambanci tsakanin waɗannan shafuka. MIT da Yale sun saki darussansu ne da lasisin da ya ba kowa damar saukewa da rabawa muddin ba sayarwa zai yi ba. Coursera da edX, waɗanda aka kafa a 2012, suna sauya sharuɗɗan abin da ke kyauta lokaci zuwa lokaci, kuma takardar shaidarsu ta kuɗi ce, ko da yake suna da fom na neman tallafi. Ga wanda sabis ɗin garinsu ke zuwa yana ɗaukewa, na farkon sun fi zama abin dogaro.

Lissafin data da caji

Tun bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, kowane MB na da daraja. Awa ɗaya ta bidiyo a 360p na cin kimanin MB 200 zuwa 300. Laccoci 20 na awa guda-guda za su iya kai GB 4 zuwa 6. Rubutaccen kwafin lacca ɗaya kuwa ba ya kai MB ɗaya. Dabarar ita ce a fara sauke rubutun duka, sannan a sauke bidiyo a 240p ko 360p, tunda yawancin abin da ke allon malami ne a tsaye da rubutu mai girma.

Wasu matakai na rage tsada:

1. A yi saukewa da datar dare, ko lokacin da aka je inda sabis ya fi ƙarfi, kamar cikin Kaura Namoda ko Gusau.
2. A ajiye fayil na gaske a memori. Bidiyon da aka ajiye a cikin manhajar YouTube na buƙatar a riƙa haɗa shi da intanet lokaci-lokaci, in ba haka ba ya daina buɗewa. Shafin MIT na da maɓallin saukewa kai tsaye.
3. A yi karo-karo. Ɗalibai biyar na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda za su iya raba laccoci 20, kowa ya sauke huɗu, sannan su tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Wanda zai je hutu Zurmi ko Shinkafi ya tafi da kwas ɗin gaba ɗaya a aljihu.
4. A saurari lacca da allo a kashe ta manhaja irin VLC. Hasken allo ne ke shanye yawancin batir, kuma kuɗin caji a shago shi ma kuɗi ne.

Dalilin da ya sa yawancin masu farawa ba sa gamawa

Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, kan darussan MIT da Harvard a edX, ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018. Da yawa daga cikinsu na ƙasashen da ba su da matsalar wuta ko sabis. Ke nan data ba ita kaɗai ba ce matsalar.

Kimiyyar tunani na da bayani a kan haka. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bita da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karantawa, ɗayan ya karanta sau ɗaya sannan aka yi ta sa shi ya rubuta abin da ya tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda, masu gwada kansu sun tuna kashi 61, masu maimaitawa kashi 40. Maimaita kallo na sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali sabo ne kawai ya yi da abin.

Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace. Ba a barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, kuma mai hadda da bai yin tilawa yana ji yana gani karatun zai zube. Tsarin da za a ɗora a kan laccar Yale ke nan:

- A kalli minti 20 zuwa 25, a tsayar, a kifa wayar, a rubuta abin da aka tuna a takarda.
- A rubuta shi da Hausa. Turancin laccocin na da nauyi, kuma wanda ya iya bayyana ma'anar abu da harshensa shi ne ya fahimta. Inda kalma ta gagara, a koma rubutaccen kwafin.
- A mayar da muhimman bayanai tambayoyi a AnkiDroid, manhajar kyauta ta Android da ke aiki ba intanet, wadda ke dawo da kowace tambaya daidai lokacin da ake gab da mantawa.
- A haɗu sau ɗaya a mako, mutum uku ko huɗu, kowa ya yi wa saura bayanin lacca ɗaya ba tare da duba waya ba.
- A kashe sanarwar WhatsApp da TikTok lokacin karatu. Ma'ajiyar nan mai ɗaukar abubuwa huɗu ita ce saƙon ke shigowa ya cika.

Lacca biyu a mako sun isa. Da haka kwas ɗin Bloom zai ƙare cikin mako goma.

Batun takardar shaida

MIT OpenCourseWare da Open Yale Courses ba sa ba da takardar shaida ko kaɗan. Ta Coursera ko edX na iya ƙawata takardar neman aiki, amma ba ta maye gurbin ND, HND ko digiri. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai samar da “satifiket ɗin Harvard” ta WhatsApp, a guje shi. Mai neman digirin da hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da shi ta hanyar karatu daga nesa, sai ya duba Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ko cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Ga wanda ya gama kwas biyu na farko yake son ci gaba, hanya a buɗe take. Neuromatch Academy, wadda aka fara a 2020, ta bar kayan karatunta na lissafin ƙwaƙwalwa kyauta a intanet, sai dai tana buƙatar sanin Python da kwamfuta. A Arewa ma akwai wurin dosa: cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda masanin ƙwaƙwalwa Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, na horar da matasa binciken kimiyya a ɗakin gwaji. Mai neman gurbi a irin waɗannan wurare, littafin da ya cika da bayanan laccoci 20 da hannunsa, waɗanda zai iya bayyanawa idan an tambaye shi, zai fi yi masa amfani a kan jerin kwasa-kwasan da ya yi wa rajista bai gama ba.