Matsalar Ciyar da 'Ya'yan Oktofas a Wurin Kiwo

Gabatarwa

Oktofas wata dabba ce ta teku, marar ƙashi, mai hannuwa takwas, wadda ake cin namanta ƙwarai a Sifen da Japan da Koriya. Ganin yawan masu bukatarta, masana sun daɗe suna neman hanyar kiwonta kamar kifi. Wannan maƙala za ta duba abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, wato ciyar da 'ya'yanta.

Ƙyanƙyasa

Macen irin da aka fi sani takan saka ƙwai 100,000 zuwa 500,000, ta yi ta tsaronsu ba ta cin komai, har ta mutu bayan an ƙyanƙyashe su. Tsawon kowane ɗa kamar milimita 3 ne, kuma yakan yi wata ɗaya zuwa biyu yana shawagi cikin ruwa kafin ya sauka ƙasa. A wannan tsakani ne akasarinsu ke mutuwa.

Abinci

Waɗannan 'ya'ya ba su cika kula abinci ba sai mai rai, mai motsi. Masu kiwo kan ba su wasu ƙananan halittun ruwan gishiri da ake kira atemiya, domin sauƙin samunsu. Sai dai atemiya ba ta da isasshen maiƙon DHA mai gina ƙwaƙwalwa da idanu, haka kuma sinadarin tagulla, alhali kuwa da shi jinin oktofas ke ɗaukar iska.

A 1963 masana a Japan sun raini 'ya'yan da jariran jatan lande har suka sauka ƙasa. A 2001 kuma, a garin Bigo na Sifen, an haɗa atemiya da jariran ƙaguwa, aka raine su har suka girma suka hayayyafa. Amma samar da jariran ƙaguwa masu yawa aiki ne mai tsada.

Bayan saukarsu ƙasa, idan yunwa ko cunkoso ta matsa, sukan cinye junansu, don haka sai an tanadar musu maɓoya. A yankin Yukatan na Meziko akwai wani iri mai manyan ƙwai, wanda 'ya'yansa ba sa shawagi, kuma da wuri sukan karɓi kwaɓin naman ƙaguwa.

Kammalawa

A taƙaice, nasarar wannan kiwo ta rataya ne a kan abincin makonnin farko. Duk da haka, ko an warware wannan da sauran rina a kaba, domin a 2024 jihohin Washintan da Kalifoniya na Amurka sun haramta kiwon, bisa hujjar cewa dabba ce mai kaifin basira, mai jin zafi.