Alhudahuda Da Lissafin Namun Daji A Ƙasar Gumel

A cikin Suratun Namli, aya ta 20, an ba mu labarin yadda Annabi Sulaimanu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya binciki rundunarsa ta tsuntsaye har ya lura babu alhudahuda. Abin lura a nan, ba ya yiwuwa mutum ya gane wanda ya ɓace sai in ya san adadin waɗanda ke nan tun da fari. To, jama'a, mu a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wa ke riƙe da lissafin abin da ya rage a dajinmu?

Tambayi dattijo ko tsohon maharbi, zai lissafa maka barewa da gada da kura da tuje da gauraka, ya kuma gaya maka tun farin 1973 da na 1984 abubuwa suka ja baya, sa'an nan gonaki suka cinye saura. Amma in ka ce da shi, "Baba, wace shekara ka yi wa barewa ganin ƙarshe, kuma a wane daji?" sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa neman ya rubuta daga bakinsa. Ran da ya rasu kuwa, shi ke nan, an rufe littafin.

Rubuta halin dabbobi ba baƙon abu ba ne ga malamai. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan, Ad-Damiri na Masar kuma, wanda ya rasu a 808, ya jera dabbobi bisa haruffa a Hayatul Hayawan. Amma a ganina darasin da ya fi amfani a wannan aiki yana wurin malaman Hadisi, waɗanda ba su karɓar labari sai da isnadi. Haka rahoton dabba yake: wa ya gani, a ina, wace rana, guda nawa, kuma da idonsa ya gani ko sawu ya tarar ko ji ya yi a bakin wani? "An ce an ga kura a dajin yamma" hira ce kawai. Akwai kuma rikicin suna, domin kalmar ungulu ko kurciya ta ƙunshi iri fiye da ɗaya, don haka hoton wayar hannu ya fi dogon bayani.

Wannan tsari ne ake bi yanzu a shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jami'ar Jos ta soma a 2015. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai zaga gida ɗaya na aƙalla awa 2, ya rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani, ya aika ta waya, a tantance, a haɗa da na sauran. Ba a bukatar digiri. Sai dai hankalin masana a Jihar Jigawa ya fi karkata ga fadamar Haɗeja da Nguru, musamman Baturiya, wadda ta shiga jerin dausayi masu daraja na duniya a 2008. Ƙasarmu ta jigawa da rairayi ba ta da irin wannan gata, alhali nan ne bakin iyaka, nan ne kuma ake fara ganin alamun hamada.

Ko ƙidaya tana da amfani? Dubi maƙwabtanmu na Nijar. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure ba su kai 50 ba. Aka dinga ƙidaya su, ana gane kowane ɗaya da zanen jikinsa, har suka haura 600, a 2018 kuma aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

Ɗan kasuwa kada ya ce ba ruwansa. Tsuntsun jan baki in ya sauka a gero da dawa, farashin kasuwar Alhamis ta Maigatari ne zai nuna. Wanda ya fara ganin makwancinsa ya kai rahoto da wuri ya taimaki manomi da mai saye baki ɗaya. Fatake da direbobi da makiyayan da ke zuwa wannan kasuwa sun fi kowane jami'i ratsa daji.

Wajen ajiya nauyin na ma'aikata ne. Malamin daji ko malamin gona ya rubuta, a yi masa canjin wurin aiki, fayil ya zama abincin gara. Kamata ya yi kowane dagaci ya sami littafi guda, hakimi ya tattara, sashen gona na ƙaramar hukuma ya riƙe kwafe, a kuma aika wa masana.

Amma rabawa sai da hattara. Ungulun nan da a da ke cika mahauta tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma farautar kanta don tsubbu na cikin dalilai. Saboda haka a bayyana adadi da gunduma ga kowa, amma bishiyar da sheƙarta take a bar sani tsakanin mai rahoto da jami'in da aka amince da shi. Wanda ke neman inda zai soma kuwa, ga shamuwa nan tafe kafin damina: ya rubuta ranar da ta sauka a garinsu, da ranar ruwan farko, baɗi ya sake.