Kukan Tsuntsu Shi Ne Iyakar Gonarsa

Jama'a manoman Arewa, da zarar ruwan farko ya sauka a Dallol Mawri, tun daga Matankari da Dogondutsi har Kore Mairuwa da Tibiri, za ku ji kukan tsuntsaye ya ƙaru da asuba. Wasu kan ce murnar damana ce. To, ku sani maganar iyaka ake yi. Yadda kuke dasa gamba tsakanin gonarku da ta maƙwabci, haka namijin tsuntsu yake tsare wurin da zai yi sheƙa, ya ciyar da ƴaƴansa. Shi kuwa muryarsa ce gambarsa.

Ta yaya aka tabbatar da haka? A shekarar 1977 wani masani na ƙasar Ingila, John Krebs, ya bayyana gwajin da ya yi cikin wani daji. Ya kama mazan wasu ƙananan tsuntsaye, ya ɗauke su daga wurarensu. A waɗansu wuraren ya rataya lasifika tana maimaita kukan mai wurin, waɗansu kuwa ya bar su shiru. Nan da nan baƙi suka mamaye inda ke shiru, amma suka daɗe suna ɗari-ɗari da inda murya ke tashi.

Rikicin ma mataki-mataki ne. Masana a Amurka sun bi wani tsuntsu mai salon kuka iri-iri, suka ga idan ana zaman lafiya, maƙwabci kan amsa da wani salo dabam. Idan ya mayar wa abokin gaba da ainihin salon da ya rera, to gargaɗi ne: da kai nake. In abin ya kai ga faɗa, mai shirin kai hari yakan sassauta murya ƙasa-ƙasa, yana karkaɗa fiffike. An kuma gane cewa tsuntsu yana shaida muryar maƙwabcinsa. Yakan ƙyale shi muddin yana gefensa, amma in ya ji baƙuwar murya sai ya taso da zafi. Yawancin rigingimun nan da baki suke ƙarewa, ba a kai ga rauni.

Ba sai kun je Turai ba, ku duba fadamunku. Da damana namijin mulufi yakan sake riga, ya koma ja da baƙi. Sai ya hau kan doguwar ciyawa, ya kumbura gashi yana kuka, duk namijin da ya ƙetaro ya kore shi. Cikin sarƙaƙiya kuma, inda itace ya yi duhu, akwai wani mai baƙin baya, jan ciki da rawayan kai. Namiji ya yi fito, mace ta amsa nan take da wata ƙara mai kaushi, har ka ɗauka tsuntsu guda ne. Suna shaida wa na waje ne cewa gidan nan da masu shi, su biyu.

Mene ne amfanin wannan ga manomi? Shi ne ku rarrabe tsuntsaye. Jan-baki, mai yi wa hatsi da dawa ɓarna, garke yake zuwa dubbai, ba ya tsare komai sai ɗan bakin sheƙarsa. Wanda kuke ji shi kaɗai, kan itace guda kullum safiya, mazaunin gonarku ne. Da yawa daga cikin irinsu tsutsa da fara da gara suke ci, da su kuma suke ciyar da ƴaƴansu, daidai lokacin da shuka ke tasowa. Tun da kowane yana korar ɗan uwansa, ba kasafai suke taruwa su cinye muku gona ba.

Saboda haka, wajen sassabe kada ku share gona ƙarƙaf. Ku bar sabara da kalgo da magarya nan da can, ku gyara su, domin tsuntsun da ba shi da wurin tsayawa ya yi kuka ba zai zauna ba. Ku ja kunnen yara masu harbi da danƙo, su daina kwasar sheƙa. Idan kuwa kun ga inda garken jan-baki yake kwana, ku gaggauta sanar da ma'aikatan kare shuke-shuke na yankinku tun hatsi bai yi ido ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.