Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Gyara Kan Maganar Haɗa Katunan Sauti

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin samarinmu masu harkar ɗaukar sauti, tun daga Sabon Birni har Isa. Cewa suke yi, idan katin sautinka ƙofar makirufo biyu gare shi, ga kuma makaɗi ya zo da 'yan amshi da masu kotso, to sai ka ari katin abokinka ka jona a kwamfuta ɗaya, ka ga ƙofa huɗu ta samu. In an ƙara na uku, shida ke nan, situdiyo ya kammala. Masu wannan magana ba ragwaye ba ne, kuma dalilinsu abin dubawa ne. Kayan aiki sun yi tsada, sai an je Sakkwato ko Kano ko an tsallaka Maraɗi kafin a samu, hanyar kuma kowa ya san halin da take ciki. Duk wanda ya nemi dabara a irin wannan yanayi ya cancanci yabo. Sai dai lissafin yana da ɓaraka, ita nake so mu duba tare, ƙannena.

Kowane katin sauti yana da ɗan agogonsa a ciki. Da shi yake yanka sauti gunduwa-gunduwa, sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, kafin ya miƙa wa kwamfuta. Matsalar ita ce babu agogo biyu da ke tafiya daidai wa daida, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. A ce saɓaninsu kashi ɗaya ne kacal cikin 20,000. Bayan daƙiƙa 20, wannan kati ya riga wancan da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Bayan minti goma, tazarar ta kai kashi uku cikin ɗari na daƙiƙa. In aka cika awa guda, ta kusa ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. A takarda abin kamar ba komai, amma kunne ba ya yafe shi.

Ga yadda yake fitowa a aiki. Makirufon mawaƙi yana kan katin farko, na masu kiɗa yana kan na biyu. Da yake ɗaki ɗaya suke, kotso yana shiga duka biyun. Farkon waƙa komai garau. Can sai kiɗan ya fara sirancewa kamar daga cikin gwangwani yake fitowa, domin sautin da ya iso a makare yana cinye wani sashe na ɗan uwansa. Kafin a kai ƙarshe, kowane bugu ya zama biyu, 'yan amshi kuma suna karɓa kamar sun yi gyangyaɗi. Mai situdiyo ya zargi makaɗa, makaɗa su zargi janareta, alhali agogo biyu ne ke jan igiya ɗaya kowa da inda ya nufa. Waƙoƙinmu na fada da na noma dogaye ne, wa'azi da tafsiri sun fi su tsawo, don haka mu wannan ciwo ya fi kamawa.

Wani zai ce ai shi ya gwada, kuma ta yi. Ban musa ba. Idan kati ɗaya ke ɗauka, ɗayan kuma lasifika kawai yake ciyarwa, sau da yawa ba a jin wata illa. Haka in ɗaukar gajera ce kuma masu magana ba ɗaki ɗaya suke ba. Akwai kuma manhajar ASIO4ALL da ke iya tara katuna a Windows, ita ma kwamfutar Apple tana da tsarin haɗa su har da gyaran saɓanin agogo. Amma tara katuna wuri ɗaya bai mai da agogonsu ɗaya ba, gyaran manhaja kuma faci ne da ke ƙara wa kwamfuta nauyi, ya jawo jinkiri da ƙas-ƙas a cikin sauti. Shi ya sa manyan situdiyo, in za su haɗa na'urori, suke naɗa ɗaya shugaba, sauran su bi agogonsa ta waya ta musamman, kamar S/PDIF ko ADAT mai ɗaukar layi takwas. Ƙananan katunan USB da suka fi yawa a hannunmu galibi ba su da wannan ƙofa.

Shawarata uku ce. In kuɗin katuna uku za a kashe, a haɗa shi a sayi guda mai ƙofa huɗu ko takwas, ko da abokai biyu ne za su yi tarayya. In bai samu ba, a tara makirufo a mikisa, a daidaita su da kunne tun kafin a danna ɗauka, a shigar ta kati ɗaya. Ko kuma a ɗauki kiɗa tukuna, sannan mawaƙi ya ɗora murya, 'yan amshi su biyo baya.

Mu tuna a ƙasar nan Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa. Na'urorin zamaninsa ba su kai wayar da ke aljihunmu ba, amma har yau ana sauraron waƙarsa Bakandamiya, domin shi da mutanensa taki ɗaya suke bi, kuma na'ura ɗaya ta kama su a haka. Akwai makaɗa da malamai a Gobir yau da ya kamata jikokinmu su ji muryarsu yadda take. Kada mu bari amanarsu ta lalace a hannunmu saboda waya ɗaya da muka jona ba bisa sani ba.